Haƙƙin Tsufa: Ina Kuɗin Fanshon Ma'aikacin Gwamnati Ke Kwana?

Duk wanda ya ɗauki ɗan'adam aiki tun yana cikin ƙuruciyarsa, ya amfana da ƙarfinsa da basirarsa shekara talatin da biyar, har furfura ta game kansa, idonsa ya dushe a kan takardun ofis ko allon makaranta, to, lalle akwai wani haƙƙi da ya rage a wuyansa bayan albashin ƙarshe, haƙƙin da ba ya saraya don an yi walimar ban kwana an ɗauki hoto. Wannan haƙƙi shi ne fansho. Mutane da yawa, har da waɗansu daga cikin masu mulki, suna ɗaukarsa tamkar wata alfarma da gwamnati ke yi wa tsofaffi in ta sami sarari, alhali kuwa ladan aiki ne da aka jinkirta biyansa, bashi ne tabbatacce, wanda ma'aikaci ya riga ya cika sharaɗinsa tun yana da lafiya. Kuma ba baƙon tunani ba ne a wurinmu, domin Alƙali Abu Yusuf ya kawo a cikin Kitabul Haraji cewa Halifa Umaru ɗan Haɗɗabi ya tarar da wani tsoho makaho, Bayahude, yana bara don ya sami abin biyan jiziya, sai ya ga ba adalci ba ne a karɓa daga mutum yana saurayi a yi watsi da shi ya tsufa, ya ɗauke masa jiziyar, ya kuma umarci mai tsaron baitulmali ya riƙa duba shi da ire-irensa.

Fansho irin na ofis, mai lissafi da fayil, Turawan mulki ne suka kawo shi. A 1951 suka kafa dokarsa, suka mayar da farkon aikinta baya zuwa 1 ga Janairu 1946, kuma a cikinta ba a yarda cewa ma'aikaci yana da haƙƙi yankakke ba, Gwamna ne ke bayarwa gwargwadon yadda ya gamsu da halin mutum da aikinsa. Bayan 'yancin kai, da Hukumar Udoji ta sake tsara aikin gwamnati a 1974, sai aka fito da doka mai lamba 102 ta 1979, wadda ita ce akasarin iyayenmu da suka yi aiki suka yi ritaya a ƙarƙashinta. In aka dubi alkawarin da ke cikin wannan tsari kamar yadda ya tsaya daga baya, wallahi alkawari ne na mutunci: wanda ya cika shekara 60 da haihuwa, ko 35 a bakin aiki, ya ajiye, in ya cika talatin da biyar ɗin nan cif, a ba shi giratuti, watau kuɗin sallama, ninki uku na albashinsa na shekara a dunƙule, sa'an nan a riƙa ba shi kashi 80 cikin 100 na albashinsa na ƙarshe kowane wata har ranar da ya koma ga Mahaliccinsa. Ba a cire masa ko kwabo ba lokacin da yake aiki. Tsarin mulkin 1999 ma ya ƙara ƙarfafa abin, ya hana a riƙe fanshon mutum ko a tauye shi ba bisa doka ba, ya hana a ɗora masa haraji, ya kuma wajabta a sake duba shi duk shekara biyar, ko duk sa'ad da aka ƙara albashi.

Illar da ke cikin wannan alkawari guda ɗaya ce, amma ta isa ta rushe shi: ba a ajiye kome ba. Babu wani asusu da ake zuba kuɗi a ciki tun ma'aikaci yana aiki. In shekara ta zagayo, sai a sa fansho a cikin kasafin kuɗi tare da hanyoyi da motocin manya da sauran buƙatu, in kuɗi ya isa a biya, in bai isa ba a ce tsofaffi su ƙara haƙuri. Muddin man fetur yana da daraja, ma'aikata ba su da yawa, waɗanda suka yi ritaya kuma 'yan kaɗan ne, abin yana tafiya. Amma jihohi suka tashi daga 12 a 1967 zuwa 36 a 1996, kowace da sakatariyarta da ma'aikatanta. Aka sallami dubban ma'aikata a 1975, aka sake yi a 1984. Farashin mai ya faɗi a shekarun 1980. Kowane ƙarin albashi kuwa yana jawo ƙarin fansho a bayansa. Kafin a kai 2004 an ƙiyasta bashin fanshon da ke kan gwamnati ya kai wajen naira tiriliyan 2.

Wanda bai ga layin tantancewa na wancan zamani ba, da wuya ya fahimci abin da wannan adadi yake nufi. A kan yi shela cewa duk ɗan fansho ya bayyana da kansa a babban birni ranar kaza, don a tabbatar yana da rai. Sai ka ga dattijo ya taso daga ƙauye tun asuba da kuɗin mota na aro, riƙe da wata tsohuwar ambulan da aka naɗe cikin leda, a cikinta akwai takardar ɗaukarsa aiki wadda ta yi ja don tsufa, da ta ƙarin girma, da ta ritaya, da 'yan hotuna. Jikansa na riƙe da hannunsa, wani ma a baya aka goyo shi daga bakin titi. Tsohon hedimasta da tsohon masinja duk layi ɗaya, rana ɗaya ke dukansu. In magariba ta yi ba a zo kansa ba, ya shimfiɗa kwali a barandar ofis ya kwana. Waɗansu a layin nan ajali ya riske su, jaridun lokacin sun sha bugawa. Abin takaicin kuwa, wannan wahala duka an ɗora ta ne da sunan korar 'yan fanshon bogi, alhali sunayen bogin ba tsofaffin nan suka rubuta su ba, a cikin ofis aka rubuta su. Shari'o'in da suka biyo baya sun nuna haka ƙarara. A 2013 wata kotu a Abuja ta sami John Yakubu Yusuf, jami'i a ofishin fanshon 'yan sanda, da laifi a kan kuɗin da suka haura naira biliyan 20, ta yanke masa shekara biyu ko tarar naira 750,000, hukuncin da ya girgiza jama'a har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da shi shekara shida a 2018. Abdulrasheed Maina kuwa, wanda aka naɗa a 2010 don ya gyara al'amarin, shi kansa a Nuwamba 2021 aka ɗaure shi shekara takwas saboda halatta kuɗin haram na wajen naira biliyan 2. Waɗanda suka rage a tsohon tsari daga ma'aikatan tarayya, tun 2013 wata hukuma da ake kira PTAD ce ke biyansu, kuma yanzu ta waya ko kwamfuta ake tabbatar da mutum yana raye, da hoton fuska ko zanen yatsa, wanda ko ba kome ya rage kwanan baranda.

A watan Yuni 2004 Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa hannu a kan dokar da ta juya al'amarin gaba ɗaya, bayan wani kwamiti a ƙarƙashin Fola Adeola ya yi nazarin tsarin da ƙasar Chile ta ɗauka tun 1981. An sake dokar a 2014, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, ita ce kuma ake aiki da ita. Ma'anarta a taƙaice: maimakon gwamnati ta yi alkawarin abin da za ta ba ka in ka tsufa, sai ta yi alkawarin abin da za ta zuba maka kowane wata tun kana aiki. Kowane ma'aikaci yana buɗe asusun ajiyar ritaya da sunansa, da lambarsa wadda ba ta canzawa ko ya canza wurin aiki. Daga albashinsa na asali da alawus na gida da na sufuri ake cire kashi 8 cikin 100, gwamnati ta ɗora kashi 10, (a dokar farko bakwai da rabi ne kowane ɓangare). Mu ɗauka waɗannan uku sun tashi naira 100,000 a wata: za a cire masa 8,000, a ƙara masa 10,000, asusunsa ya karɓi 18,000, a shekara 216,000 ke nan, ban da ribar da za ta hau kai. Doka ta ba mai ɗaukar aiki kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya aika da kuɗin, in ya yi jinkiri akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 ba a kowane wata.

Hikimar da ta fi burge ni a cikin dokar ita ce yadda aka raba amanar hannu uku, don kada wanda ke da alƙalami ya zama shi ne ke da mabuɗi. Akwai kamfanin gudanar da fansho, wanda ma'aikata ke kira PFA, shi mutum ke zaɓa da kansa, shi ke riƙe lissafi, shi ke yanke shawarar inda za a juya kuɗin. Amma kuɗin ba sa shiga hannunsa. Suna wurin wani kamfani dabam, wanda matsayinsa na ma'aji ne kawai, yana karɓa yana tsarewa, ba ya fitar da kome sai da umarni bisa ƙa'ida. A samansu duka akwai Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, wadda Malam Muhammad K. Ahmad ya fara shugabanta, ita ke ba da lasisi, ita ke bincike, ita ke iyakance irin kasuwancin da aka halatta a sa kuɗin a ciki. Saboda wannan rabo, ko kamfanin gudanarwa ya durƙushe, ajiyar ma'aikaci ba ta cikin dukiyar da masu binsa bashi za su taɓa. Tun Nuwamba 2020 kuma mutum na iya ɗauke asusunsa daga wannan kamfani zuwa wancan sau ɗaya a shekara, in bai ji daɗin yadda ake yi masa ba.

To, ina kuɗin suke kwana? A ƙarshen 2024 dukiyar fansho ta haura naira tiriliyan 22, masu asusu sun haura miliyan 10, ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni a haɗe. Fiye da rabin wannan dukiya rance ce a hannun Gwamnatin Tarayya, ta hanyar takardun lamuni da take sayarwa. Sauran yana cikin hannun jarin kamfanoni, da ajiyar bankuna, da makamantansu. A nan mai hankali zai ɗan yi murmushi, ganin cewa kuɗin da aka ƙwace daga hannun gwamnati don kada ta cinye, sun zagaya sun koma wurinta da sunan bashi. Sai dai akwai bambanci na haƙiƙa, domin wannan bashi ne rubutacce, mai ajali, wanda in ta ƙi biya mutuncinta zai zube a kasuwar duniya, ba kamar bashin tsohon malamin makaranta ba wanda ba shi da abin kai ƙara sai hawaye.

Amma rancen nan da ruwa ake biyansa, wannan kuwa mas'ala ce da ta daɗe tana damun Musulmi masu tsantseni, waɗanda doka ta tilasta musu shiga tsarin, suna kuma tsoron su ci riba a ƙarshen rayuwarsu, lokacin da mutum ya fi bukatar tsarkake abin da ke shiga cikinsa. Tun 2018 an kasa asusun gida-gida gwargwadon shekarun mutum, matashi a juya nasa a kasuwancin da ke da haɗari da riba mai yawa, wanda ya haura hamsin a lallaɓa nasa. A 2021 sai aka buɗe gida na shida, wanda ba a sa kuɗinsa sai a abin da ya dace da shari'a, kamar sukuk da Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Ba a mayar da kowa can sai ya nema a rubuce, kuma ma'aikata da yawa da ke gunaguni a majalisa har yau ba su san ƙofar a buɗe take ba.

Idan ranar ritaya ta zo, mutum ya kai shekara 50 ko fiye, ba a juye masa asusun duka a hannu, wannan kuwa shi ne abin da ya fi ɓata wa mutane rai. Ana ba shi wani kaso a dunƙule, galibi daga rubu'i zuwa sama gwargwadon ƙarfin ajiyarsa, sauran a mayar da shi abin karɓa wata-wata, ta ɗayan hanyoyi biyu. Ko dai ya bar kuɗin a wurin kamfaninsa, a ci gaba da juya su, a riƙa yanko masa bisa lissafin shekarun da ake tsammanin zai yi, in ya rasu abin da ya rage ya zama gado. Ko kuwa ya miƙa su ga kamfanin inshora, wanda zai ɗauki nauyin biyansa muddin ransa, ko da ya shekara ɗari, amma in ya rasu bayan shekara goma na farko magada ba su da kome. Wanda ya zaɓi ta farko yana iya komawa ta biyu, wanda ya shiga ta biyu kuwa ba ya dawowa. Saboda haka wakilan kamfanoni ke yi wa mai shirin ritaya zarya har gida, kowa yana yabon hajarsa, kuma bai kamata dattijo ya sa hannu a ranar da aka fara yi masa bayani ba. Akwai wasu 'yan ƙofofi kafin ritaya: wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba yana iya karɓar rubu'in ajiyarsa, tun 2022 kuma an yarda a ɗauki rubu'i a sa a matsayin kafin alƙalami na sayen gida.

Duk da wannan tsari mai kyau, in ka zauna da waɗanda suka yi ritaya a ƙarƙashinsa, ba godiya za ka fara ji ba, kuma suna da hujja. Dokar ta gina wa kowa rumbunsa, ta sa masa ƙofa da kwaɗo, ɓarawo ya rasa ta inda zai shiga, amma ba ta yi maganin gara ba, garar kuwa ita ce tsadar rayuwa. Naira 18,000 da aka zuba a 2014, sa'ad da dala take wajen naira 160, ba ita ce naira 18,000 ta 2024 ba, sa'ad da dala ta haura 1,500, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen shekarar. Ribar da kamfanoni ke samowa a irin waɗannan shekaru ba ta kamo ƙafar farashin kasuwa ba. A tsohon tsari, in albashi ya tashi fansho ya kamata ya bi shi, hasarar faɗuwar kuɗi tana wuyan gwamnati, ko da tana jinkirin biya. A sabon tsari hasarar ta sauka a wuyan ma'aikaci shi kaɗai. Ga shi dokar 2004 ba ta tanadi giratuti dabam ba, abin da ake ba mutum a dunƙule daga cikin ajiyarsa ake yankowa. A ganina wannan shi ne gaskiyar cinikin da aka yi: an sayi aminci, an biya da yalwa, kuma ba a gaya wa ma'aikaci farashin a fili ba.

Wani ciwon kuma na waɗanda suka fara aiki kafin 2004 ne, domin shekarun da suka yi a tsohon tsari an lissafa su a matsayin bashi a kan gwamnati, aka ce ta riƙa ware kashi 5 cikin 100 na jimillar albashi a Babban Banki don biyansa. Da yake ba a sakin fanshon mutum sai wannan kaso ya iso asusunsa, gwamnati kuma ta sha gaza cika alkawarin, sai aka wayi gari ma'aikaci yana ritaya ya shekara, wani ma fiye, babu albashi babu fansho. A farkon 2025 ne Majalisar Zartaswa ta amince a fitar da takardun lamuni na naira biliyan 758 don share irin waɗannan basussuka. Sojoji da jami'an leƙen asiri tun 2011 aka fitar da su daga tsarin, aka mayar da su inda gwamnati ke biya kai tsaye; 'yan sanda suna ganin haka suka ce su ma a fitar da su, har tsofaffinsu suka yi zanga-zanga a Abuja a Yuli 2025. Ba na ganin laifin kurtun da ya ƙare da ɗan abin da bai isa buhun shinkafa ba, amma asalin ciwonsa ƙarancin albashin da aka riƙa cire kashi 8 daga cikinsa ne, kuma komawa tsarin da ba a ajiye kome ba komawa ce ga layin da aka baro.

Jihohi kowace da tata doka. Kaduna ta shiga sabon tsari daga Janairu 2017. Jigawa da Kano sun bi wata hanya ta tsakiya, inda ake cire wa ma'aikaci kashi 8, gwamnati ta ɗora 17, a tara a asusu guda, amma a biya fansho da giratuti bisa lissafin albashin ƙarshe kamar da. Jigawa ta yi suna da biya a kan kari, har wasu jihohi na zuwa koyo. Kano kuwa, da dokarta ta 2006 mai kama da ta maƙwabciyarta, gwamnatin da ta hau a 2023 ta ce ta tarar da bashin giratuti da haƙƙin mamata na wajen naira biliyan 48, ta fara biya kashi-kashi. Ƙa'ida kusan ɗaya, sakamako ya bambanta, domin a wuri ɗaya an riƙa zuba abin da aka cire, a ɗayan an yi ta cirewa ba a zubawa yadda ya kamata.

Saura abin da ke hannun ma'aikaci da kansa, wanda galibi ba a tuna shi sai ya zama matsala. Kafin ritaya ake tantance ma'aikacin tarayya, a nan ne kuma ake gano cewa takardar ɗaukar aiki ta ce Mamman, katin ɗan ƙasa ya ce Muhammad, banki ya ce Mohammed. Ko fayil ya ce an haife shi a 1965, takardar rantsuwar shekaru ta ce 1 ga Janairu 1967. Ko kuma akwai wasu watanni da aka cire kuɗi a takardar albashi amma ba su bayyana a asusu ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya tsayar da biya watanni, alhali gyaransa tun mutum yana bakin aiki bai wuce 'yan zirga-zirga ba. Haka kuma batun rasuwa. Ma'aikacin da ya rasu yana aiki, ban da ajiyarsa, akwai inshorar rai da doka ta wajabta wa mai ɗaukar aiki, wadda ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, iyalai da dama kuwa ba su san suna da ita ba balle su nema. Sunan da mamaci ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa ba ya mayar da wannan mutum mai dukiyar, shi dai wanda za a tuntuɓa ne. Kamfani ba ya sakin kuɗi sai an kawo wasiyya da kotu ta tabbatar, ko takardar kotu ta wakilcin magada, sa'an nan a raba wa matan aure da 'ya'ya da iyaye, kowa da farillarsa, kamar yadda ake raba gida da gona.